Usur ko baki: yadda alƙalin ƙwallon kwando ke riƙe wasa

Me ya sa alƙali ba ya busa usur duk lokacin da aka taɓa ɗan wasa?

Domin doka ba ta ce ya yi hakan ba. Mutum goma ne ke guje-guje a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, dole jiki ya gogi jiki. Dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya da aka kafa a 1932, sun ɗora wa alƙali ya duba ko gogayyar ta ba wani rinjaye ko ta tauye wani. In mai tsaro ya ɗan taɓa mai ƙwallo, amma bai rage masa gudu ba, bai kautar da shi daga hanyarsa ba, ga shi kuma ya doshi kwando babu kowa a gabansa, tsayar da wasa a nan wanda aka taɓa ɗin zai cutar.

To mene ne rigakafi a alƙalanci?

Shi ne alƙali ya yi aiki da bakinsa kafin a kai ga usur. Ɗan wasan da ke kai hari ba ya da izinin wuce daƙiƙa 3 a yankin da aka shata ƙarƙashin kwando, sai alƙali ya ce masa "fita daga ciki" tun bai cika ba. Mai tsaro ya fara ɗora hannu a ƙugun abokin karawarsa, sai ya ji "cire hannu". Biyu sun fara harare-harare da ture-ture, da zarar ƙwallo ta tsaya sai a kira su, ko a kira kyaftin, a yi magana gajera. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa zangon farko ya fi kowane muhimmanci a wajen alƙalai uku da ke kula da wasan: abin da suka bari ya wuce a mintunan farko, shi 'yan wasa za su ɗauka halal ne har ƙarshe.

Akwai kuma lissafi a ciki. A dokar FIBA ƙeta 5 ke fitar da ɗan wasa, a gasar NBA ta Amurka 6. Kalma ɗaya a kan lokaci tana iya barin gwani a fili.

Wannan ba sassauci ba ne, ko ma son kai?

Yana zama haka in aka yi wa ɓangare ɗaya, ko aka yi ta maimaitawa. A ganina gargaɗi sau ɗaya ne, kuma kafin laifi ne. Alƙalin da ya ce "cire hannu" sau huɗu bai busa ba ya koya wa kowa cewa maganarsa iska ce.

Ina ne babu gargaɗi sam?

Duk abin da layi ko agogo ke yankewa: taka layin waje, cikar daƙiƙa 24 ba a jefa ba, kasa tsallake rabin fili cikin daƙiƙa 8. Haka duk abin da zai raunata mutum, kamar gwiwar hannu a fuska ko ture wanda ke sama. Nan take ake hukunci. A Nuwamba 2004, a wasan Detroit Pistons da Indiana Pacers, ƙeta mai zafi ce saura ƙasa da minti ɗaya ta haifar da ture-ture, faɗa ya tsallaka har cikin 'yan kallo, aka dakatar da ɗan wasan Pacers Ron Artest sauran kakar baki ɗaya.

Kocin da ke yawan ƙorafi fa?

A saurare shi in tambaya yake yi, a ba shi amsa a taƙaice. In ya koma zagi ko ihu, sai hukuncin rashin ɗa'a, abokan hamayya su sami jifa ɗaya kyauta. Ya sake, ya bar fili.

A mintin ƙarshe ba gara alƙali ya bar 'yan wasa su raba gardama da kansu ba?

Ban yarda ba, ko da yake masu wannan ra'ayi suna da yawa. Alƙalin da ya haɗiye usur alhali an bugi hannun mai jifa, shi ma ya yanke wasan, sai dai ya yanke wa mai laifi. Tun 2015 NBA ke fitar da rahoto kan mintuna biyu na ƙarshe na wasannin da aka yi kankankan, kuma ba usur ɗin da aka busa kaɗai ake tantancewa ba, har da wanda ya kamata a busa aka yi shiru.