Tambayoyi da amsoshi kan POIKTMP, cutar gadon da ke taɓa fata da tsoka da ƙafafu

Wace irin cuta ce wannan?

POIKTMP taƙaitaccen sunan da likitoci suka ba wata cutar gado ce wadda takan fara bayyana a fata, daga baya ta ɗaure jijiyoyin gaɓoɓi, ta raunana tsoka, a wasu mutanen kuma ta kai ga huhu. A shekarar 2006 ne likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta a Cape Town suka fara bayyana ta a jikin wani iyali na Afirka ta Kudu. A 2013 kuma masu bincike daga Faransa da Afirka ta Kudu, cikinsu har da Sandra Mercier ta birnin Nantes, suka gano cewa tushenta canji ne a ƙwayar gadon da ake kira FAM111B. Waɗanda aka tabbatar suna da ita a duk duniya ba su kai ɗari ba.

Da me takan fara?

Da fata, galibi tun cikin watanni shida na farkon rayuwa. Kumatun jariri sukan yi ja, sannan fatar ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ya yi duhu wani ya yi fari, ta yi siriri har ƙananan jijiyoyin jini su riƙa bayyana. Gashin kai da na gira ba sa yin yawa, hannaye da ƙafafu kuma sukan ɗan kumbura. Alamar da nake ganin ta fi cancantar a kula da ita ita ce ƙarancin zufa, domin jikin da ba ya zufa sosai ba ya iya sanyaya kansa, sai yaron ya riƙa galabaita a zafin da sauran yara ke wasa a cikinsa lafiya lau. Uwa ce takan riga kowa lura da haka, saboda haka ya kamata likita ya saurari abin da ta faɗa.

Yaya take shafar tafiya?

Tun yana ƙarami, tsokar sharaɓa da agara sukan taƙure, har yaro ya koma taka ƙasa da yatsun ƙafa, dunduniya ba ta sauka, wani lokaci ƙafar ta karkace. Yayin da shekaru ke tafiya, kitse yakan riƙa maye gurbin tsoka sannu a hankali, abin da hoton MRI ke nunawa ko da mutum bai fara jin rauni ba. Tsananin abin ya bambanta ƙwarai: wani yakan ci gaba da tafiya da ƙafarsa har ya manyanta, wani kuwa sai ya buƙaci keken guragu.

Me ya kawo huhu cikin maganar?

Nan ne babban haɗarin yake. A wasu manya naman huhu yakan yi tabo ya yi tauri, numfashi ya riƙa yin wuya, kuma hakan na iya zama ajali. Cutar takan kuma taɓa hanta da fankiriyas, wato gaɓar cikin da ke fitar da ruwan narkar da abinci.

Auren zumunci ne ke jawo ta, kamar yadda ake faɗa game da wasu cututtukan gado?

A'a, hanyar gadonta dabam take da ta sikila. A sikila sai yaro ya karɓi ƙwayar daga uwa da uba duka biyu kafin ya kamu. A nan kuwa ƙwaya guda daga ɗayansu ta isa, saboda haka mai cutar, namiji ne ko mace, yana iya ba kowane ɗa da ya haifa ita da yiwuwar kashi 50 cikin 100. Haka kuma a yara da dama canjin sabo ne da ya fara daga kansu, iyayen lafiyarsu ƙalau, babu wani abin da suka ci ko suka aikata da ya haddasa shi. Akwai wata cutar mai kama da ita a fata, Rothmund-Thomson, wadda ita ake gadonta daga ɓangarori biyu, shi ya sa sai gwajin ƙwayar gado ne ke raba gardama tsakaninsu.

Akwai magani?

Babu maganin da ke gyara ƙwayar, amma kulawa tana rage wahala sosai. Ana kare fata daga rana da sutura da man kariya, a guji zama cikin zafi, a kuma hanzarta sauke zazzaɓi idan ya zo. Motsa gaɓoɓi a hannun ƙwararru tun da wuri yana jinkirta taƙurewar jijiyoyi, idan kuma agara ta riga ta ɗaure ana iya yin tiyata a tsawaita ta. Wanda fankiriyas ɗinsa ya gaza akan ba shi ƙwayoyin da ke taimaka masa narkar da abinci, sannan a riƙa auna ƙarfin numfashin duk mai cutar da aikin hantarsa lokaci-lokaci, ko da bai fara tari ko haki ba.