Kuɗin gwamnatin Amurka na hana cin zarafin yara: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ni akanta ce a wata ƙaramar ƙungiya da ke taimaka wa iyalai baƙi a nan Amurka, kuma wani kaso na kuɗin da muke aiki da shi tallafin gwamnati ne na rigakafin cin zarafin yara. Tun da mutanenmu suka ji haka, wayata ba ta sake hutawa ba. A wajen suna a ja ni gefe, a ƙofar masallaci a tare ni, tambayoyin kuma na jiya ne dai. To ga su nan a rubuce. Duk wanda ya sake kirana bayan isha'i, wannan zan tura masa.

Wane kuɗi ne ma wannan?

Akwai dokar tarayya ta 1974 da ake kira CAPTA, Shugaba Nixon ne ya sa mata hannu. Daga baya aka ƙara mata sashe na biyu, wanda ke ba da kuɗin rigakafi a cikin unguwanni, shi ne CBCAP. Ofishin kula da yara da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya ne ke raba shi ga jihohi.

Ina Kano, ina da gidauniyar marayu. Zan iya nema?

A'a, Alhaji. Na jihohin Amurka ne da yankunanta, sai wani ɗan kaso da aka ware wa ƙabilun 'yan asalin ƙasar da shirye-shiryen 'yan ci-rani na cikinta. Wanda ya ce ka turo kuɗin fom zai sa sunanka, ɗan damfara ne.

Mu da muke unguwar Bronx a birnin New York fa? Washinton za mu rubuta wa?

Ba can ba ne. Gwamnan kowace jiha yana naɗa hukuma guda ɗaya da za ta karɓi kuɗin, ita kuma ta raba wa ƙananan ƙungiyoyi ta hanyar kwangila. Kashi 70 cikin ɗari na kuɗin ana raba shi ne bisa yawan yaran jiha, kashi 30 kuma bisa abin da jihar ta tara da kanta don wannan aiki, sannan dole jihar ta ɗora kwatankwacin kashi 20 na abin da aka ba ta, daga kuɗin da ba na tarayya ba. Ku naku shi ne ku sa ido a kan sanarwar hukumar jiharku, ku kuma samo lambar shaidar ƙungiya a shafin SAM.gov. Kyauta ce. Tun watan Afrilun 2022 aka daina amfani da tsohuwar lambar DUNS, a daina turo min ita.

Rasit ɗaya ya ɓata. Ai ba komai ko?

Da komai. Abin da ba shi da takarda, a wurin mai bincike ba a saye shi ba, ko da kujerun suna gabansa yana zaune a kai. Kuɗin zai dawo kan ƙungiyarku, ku biya daga aljihunku. Ka'ida ita ce a ajiye takardu shekara 3 daga ranar da aka miƙa rahoton kuɗi na ƙarshe, wasu jihohin ma sun fi haka. Na taɓa karɓar leda guda cike da rasit daga hannun wani sakatare, rabinsu rana ta cinye tawadar a cikin mota. Haba jama'a! Ku ɗauki hoton rasit a ranar da kuka yi sayayya, ku rubuta a bayansa abin da aka saya dominsa. Minti ɗaya ne.

Za a ba mu kuɗin ne a dunƙule?

Yawanci a'a. Ku kashe naku, ku kai shaida, a mayar muku. Ƙungiyar da ba ta da abin riƙe albashin wata biyu ko uku ta yi tunani tukuna.

Za mu iya yin walimar Sallah da kuɗin, tunda iyalai ne za su zo?

A'a. Nishaɗi, giya, kamun ƙafa wurin 'yan majalisa, taron neman gudummawa, duk dokar kashe kuɗin tarayya ta hana. Abincin da za a ci a lokacin darasin iyaye wani abu ne daban, in yana cikin kasafin da aka amince muku. A cikin ginin masallaci ko coci kuna iya yin darasin, amma wa'azi da ibada a raba su da shi, ko a lokaci ko a wuri, kuma ba a tilasta wa kowa zama.

Wata uwa da ke zuwa darasinmu, hukumar kare yara ta buɗe wa gidanta fayil. Mu ci gaba da kashe mata kuɗin tallafin? Kuma me za mu rubuta a rahoto?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Ku karanta a hankali, domin amsar ba ɗaya ba ce.

Asalin kuɗin CBCAP na rigakafi ne, wato kafin abu ya faru. Ko dai a yi wa kowa da kowa, kamar wayar da kai da darasin renon yara, ko a yi wa iyalan da ke cikin matsi amma ba a kai ga cin zarafi ba: uwa mai ƙananan shekaru, gidan da ke da yaro mai buƙata ta musamman, waɗanda suka rasa matsuguni. Gidan da hukuma ta riga ta tabbatar an ci zarafin yaro, ta kuma ɗauki ragamar lamarin, akwai wasu kuɗaɗe daban da aka tanada dominsa. A takarda ke nan abin a fili yake.

A zahiri kuwa ba haka yake da sauƙi ba. Buɗe fayil daban, tabbatar da laifi daban. Sau da yawa maƙwabci ko malamar makaranta ne suka kira, aka zo aka duba, aka rufe ba tare da an sami komai ba. Wasu jihohin kuma suna da hanya ta biyu, inda ba a kama kowa da laifi, sai dai a haɗa iyalin da masu taimako. A wane mataki ne iyali ke fita daga hurumin kuɗinku? Wannan ya danganta da jiharku da kuma abin da kwangilarku ta ce, kuma na ga kwangiloli biyu da suka faɗi abu biyu. Don haka kada ku ɗauki maganata a matsayin fatawa. Ku rubuta wa jami'in da ke kula da kwangilarku imel, ba waya ba, ku bayyana halin ba tare da suna ba, ku ajiye amsar a fayil. In mai bincike ya zo bayan shekara biyu, wannan imel ɗin ne zai tsaya muku.

Kafin amsa ta zo, ni a ganina kada ku kori matar. Wadda ta sami ƙarfin halin zuwa darasi a makon da aka ƙwanƙwasa mata ƙofa, ita ce ta fi kowa buƙatar kujerar. In darasin na kowa da kowa ne, da wuya zamanta ya zama matsala. Inda ake samun tangarɗa shi ne abin da aka kashe mata ita kaɗai, kamar ziyarar gida ko taimakon haya. Wannan ku ɗora shi a kan wani asusun, sadakar jama'a ko kuɗin wata gidauniya, har a ba ku amsa.

Akwai kuma ɓangaren da mutanenmu ba sa son ji. Idan ma'aikacinku ne ya ga tabo a jikin yaro, ko yaron ya faɗa masa wani abu, batun kasafi ya koma gefe. Kowace jiha tana da dokar da ta wajabta wa wasu mutane kai rahoto, kamar malamai da likitoci da ma'aikatan walwala, a wasu jihohin kuma irin su Texas da New Jersey kowa da kowa ne. Ba sai kun tabbatar ba, zato mai dalili ya isa. Na san abin da za a ce: rufin asiri, 'yar gida ce, a kira limami a sasanta. A kira limamin, amma sasantawa ba ta ɗauke wajibin doka, kuma ba ta cire yaro daga hannun mai dukansa a daren nan. Abin da ya fi adalci shi ne ku faɗa wa iyaye tun ranar farko, da harshen da suke ji, cewa sirrinsu a rufe yake sai a kan wannan abu guda. Wanda aka faɗa wa tun farko ba ya cewa an ci amanarsa.

A rahoton tallafi kuwa, babu suna, babu adireshi, babu labarin da zai sa a gane gidan. A unguwar da Hausawa ba su fi gida hamsin ba, "wata uwa mai 'yan biyu daga Kumasi" suna ne. Adadi kawai za ku bayar.

Malama ɗaya ce ke yin aikin wannan tallafi da na wani. Yaya albashinta?

A raba shi bisa awannin da ta yi a zahiri, ba bisa abin da kuka yi hasashe a kasafi ba. Ta rubuta, ta sa hannu, shugaba ya duba. Nan ne aka fi kama ƙananan ƙungiyoyi, ba don sata ba, don lalaci.

Kuɗin wuta da haya da na akanta fa?

Akwai kaso na ɗawainiyar ofis. Ƙungiyar da ba ta da yarjejeniya ta musamman a kan haka tana iya ɗaukar har kashi 15, a da kashi 10 ne, an ɗaga a sauyin dokar na 2024. Ku duba ko kwangilarku ta tsohon lissafi ce ko ta sabo. Kuma abin da kuka sa a nan, kada ku sake saka shi a wani layin.

Me ake rubutawa a rahoton aiki?

Mutum nawa, wane aiki, me ya canja. Uwar da ta zo sau goma mutum ɗaya ce, ba goma ba, don Allah. Yawancin jihohi suna so a yi wa iyaye 'yan tambayoyi a farkon shiri da ƙarshensa don a ga bambanci, kuma suna tambayar ko iyaye suna da bakin magana a tafiyar da shirin, domin dokar da kanta ta nemi haka. Idan kun yi alkawarin iyali 100 kuka samu 60, ku rubuta 60 ku faɗi dalili. Shekarar kuɗin tarayya daga 1 ga Oktoba take zuwa 30 ga Satumba, ta jiharku tana iya bambanta.

Mun gano mun yi kuskure a rahoton da ya wuce. Za a ɗaure mu?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kuskure ana gyara shi kullum: ki sanar da su a rubuce, ki aika gyararren rahoto, in akwai abin mayarwa a mayar. Ɓoyewa ce ke jawo bala'i, domin wanda ya karɓi kuɗin tarayya da ƙarya yana sane, doka ta ba da damar a karɓi ninki uku daga hannunsa.

Mu ƙanana ne, ai odita ba zai zo ba?

Babban binciken shekara yana hawa kan wanda ya kashe dala miliyan 1 na kuɗin tarayya a shekara guda, a da dala 750,000 ne. Amma hukumar jiharku wajibi ne ta sa muku ido, kuma tana iya neman takardu ko ta zo ofis komai ƙanƙantarku.

Wa'adi ya kusa, kuɗi ya rage. Mu sayi kwamfutoci?

A'a. Ku nemi izinin sauya kasafi tun da sauran wata biyu, ko ku bar musu abinsu.