Waiwaye: yadda Tsibirin Gobir ta zama gari

Duk wanda ya hau kabu-kabu daga Maraɗi ya bi hanyar Gidan Rumji, kafin ya gaji da zama ya iso Tsibiri, kilomita 12 ne ko kusa da haka. Yara da yawa yanzu sun ɗauka wata unguwa ce ta Maraɗi da ta yi nisa kaɗan, abin nan yana ci mini rai wallahi, don garin nan mutanen da aka ci da yaƙi ne suka kafa shi, kuma ba da sauƙi suka kafa shi ba.

Asali dai Gobirawa suna Alƙalawa ne, birninsu. A 1808 masu jihadi suka ci birnin, Sarki Yunfa ya mutu a ciki, jama'a suka watse, wasu suka bi sabuwar hukuma wasu suka ƙi. Waɗanda suka ƙi ɗin nan kusan shekara talatin suka yi ba su da mazauni guda, yau nan gobe can. Katsinawa ma haka ta faru da su, sai dai su sun riga samun wuri, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi tun wajen 1819. To a 1836 aka yi karon Gawakuke, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye suka haɗa kai suka fuskanci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi musu mummunan ci, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama a wurin, Sarkin Katsina Rauda ma haka. Sauran da suka tsira su ne Mayaƙi ɗan Yakubu ya tattara, Ɗan Mari na Maraɗi ya ba shi hannu, suka shigo kwarin gulbin Maraɗi suka kafa Tsibiri.

Me ya sa nan? Wanda ya san gulbi na yanzu ba zai gane ba. A da kurmi ne mai duhu, kanya da tsamiya da marke da sarƙaƙiya, in damina ta yi ruwa ya malale fadama doki ba ya ratsawa, sunan garin ma ai shi ya faɗi komai. Ga ƙasa mai albarka, ga ruwa kusa ba sai an haƙa rijiya gaba talatin kamar na tudu ba, ga maƙwabci mai abokin gaba ɗaya da kai. Kuma dabarar ta yi aiki, don Sarkin Musulmi Atiku da kansa ya kawo yaƙi Tsibiri bai ci ta ba, a hanyar komawa ya rasu a Katuru 1842.

Amma ni inda nake tsayawa kullum shi ne nan: in ana ba da tarihin, sarakuna kaɗai ake lissafawa, kamar daji wofi suka tarar. Ba haka ba ne. Kwarin nan akwai Anna, wato Hausawa masu addinin gargajiya, tun kafin zuwan masu sarauta, manoma da mahalba da maƙera, su suka san inda ake shiga da inda ba a shiga, su ke buɗin daji, sarkin noma nasu ne. Kakata ta wajen uwa Bagobira ce, da zanenta a kumatu shida gefe guda bakwai gefe guda, ina yaro nakan zauna in dinga ƙirgawa da yatsa tana sussukar hatsi tana ture mini hannu. Ita in tana labari ba da sarki take farawa ba, da wanda ya sare dajin gonarsu take farawa, da matan da suka ɗauko tukwane da irin shuka a ka, da ɗiya a baya, daga ƙasar da ba su sake gani ba har suka mutu. Sannan sai ta kawo labarin Inna, babbar mace mai sarauta, wadda a gidan sarautar Gobir maganarta ba a take ta.

Daga baya gidan ya rabu, Ɗan Halima ya fita ya kafa Sabon Birni, sai Turawa suka zo suka ja iyaka, Sabon Birni ta faɗa Najeriya Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, dangi guda takarda biyu. Da yaƙi ya ƙare mutane suka daina tsoron tudu, suka fantsama arewa suna sarar daji suna haƙa rijiya, shi ya sa za ka ji ƙauyuka Gidan wane, Garin wane, duk sunan wanda ya fara kafa bukka ne. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Tsibiri zuwa sultan tare da ta Maraɗi da Dosso.

Kurmin kam ya tafi, gonaki da lambuna suka maye, gulbin ma tunda aka yi madatsar Jibiya ba ya zuwa kamar da. Gonar kakata tana nan bakin fadama, ɗan kawuna ke noma ta, zogale da tumatir yake sawa da rani, tsamiya guda ta rage a kan iyakarta.