Bagi (ƙaramar motar yashi ta haɗin gida)

Bagi wata 'yar mota ce mara nauyi, ba ƙofa ba gilashin gefe, yawanci kujera biyu ce kawai da inji a baya, ana haɗa ta ne don shiga yashi da hanya mara kwalta. Wadda ta fito da sunanta ita ce Meyers Manx, wadda Bruce Meyers ya ƙera a Kalifoniya ta Amurka a 1964. Daga baya aka riƙa ɗora bodinta na faiba a kan shasin Volkswagen Beetle da aka rage wa tsawo da kusan inci 14. Akwai kuma wadda ake waldawa gaba ɗaya da bututun ƙarfe, ba bodi sam.

Duk mai haɗawa yana son gudu kuma baya son shan mai, to abin da ke sasanta su biyun shi ne nauyi. Injin Beetle mai cc 1600 ƙarfinsa bai wuce doki 50 ko 60 ba, amma da yake an cire rufi da ƙofofi da kujerun baya sai ka ga motar tana tashi kamar an harba ta, kuma iska ce ke sanyaya injin, ba lagireto ba ruwa, nauyi ya ƙara raguwa kenan. Wasu injin babur suke sakawa irin na Suzuki Hayabusa, yana da ƙarfi sosai ga rashin nauyi, matsalarsa dai ba shi da ribas kuma sai an danna totur injin yana juyawa da sauri sosai yake ba da ƙarfin, nan fa mai ke tafiya. A ganina injin ƙaramar mota mai silinda uku da injekta ya fi dacewa da mai son tattali, don yana auna mai daidai fiye da kafireta.

Taya ma mutane na raina ta. Ka saka manya masu faɗi don kyau, motar ta yi nauyin tashi kamar kana jan ta a giya ta biyu, dole ka riƙa danna totur, mai na ƙonewa a banza, sai in an canza lissafin giya ya dace da girman tayar. Kuma kilo ɗaya a taya ya fi wahalar da shokazoba fiye da kilo ɗaya a jikin mota.

Wurin da ba a rage ƙarfe shi ne kejin da ke kare direba in mota ta kife. Bututun kuromoli 4130, wani irin ƙarfe mai ƙwari sosai, yana ba da damar amfani da mara kauri ba tare da kejin ya yi rauni ba, amma waldarsa na son gwani, in aka yi ganganci gefen waldar ne ke tsagewa. Tankin mai kuma nesa da salansa ake ɗaure shi, bel ɗin kujera a jikin kejin, ba a faiba ba.