Waiwaye: Yadda aikin masana'anta ya zube a idon matasan Kaduna

An yi zamanin da uba a Kaduna yake alfahari da cewa ɗansa yana aiki a Kakuri, unguwar masana'antu. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a 1957, masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Dattawan Makera har yau suna ba da labarin yadda kekuna suke cika titi da zarar jiniyar canjin aiki ta kaɗa, masu tuwo da masu shayi kuma suna jiran ciniki a bakin ƙofa.

Amma ko a lokacin, makaranta ba ta ba wannan aiki darajarsa ba, domin tun zamanin Turawa burin ɗan boko shi ne ya zama akawu. Tsarin karatu na 6-3-3-4 ya zo da niyyar gyara hakan ta hanyar koyar da sana'o'in hannu, sai dai a makarantu da yawa injunan da aka sayo sun yi tsatsa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Fifita digiri a kan HND wajen ɗaukar aiki ya ƙara tabbatar wa ɗalibi cewa mai riƙe sifana yana bayan mai riƙe biro.

Daga nan sai durƙushewa ta zo. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, kuma ma'aikata da dama sun rasu suna jiran haƙƙinsu. A ganina nan ne tushen matsalar: yawancin malaman da suke ba ɗalibai shawara yau sun tashi suna kallon waɗannan gine-gine da ciyawa ta cinye, don haka ba abin mamaki ba ne su ɗauki masana'anta wurin leburanci da wahala.

Alhali aikin ya sauya. Masana'antar abincin kaji da Olam ta buɗe a Chikun a 2017 tana buƙatar masu sarrafa inji da kwamfuta, da masu aikin lantarki, da masu gwajin inganci. Hedikwatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, tana Kaduna, Kaduna Poly tana nan, ga ƙwararrun masu ƙere-ƙere na kasuwar Panteka kusa da ita. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a kai malaman sakandare su shiga waɗannan wurare su gani da idonsu, kafin su zauna da ɗalibai wajen cike fom ɗin JAMB.