Malam-buɗe-littafi ruwan ɗorawa (Eurema hecabe)

Eurema hecabe ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin ruwan ɗorawa daga dangin malam-buɗe-littafi da masana ke kira Pieridae. Ana samunsa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya har zuwa Ostareliya. Masanin halittu Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ne ya fara bayyana shi a shekarar 1758.

Faɗin fikafikansa a buɗe yakan kai milimita 35 zuwa 45. Samansu rawaya ne shar, da baƙin baki a gefe. Ba ya son tashi sama; ƙasa-ƙasa yake yawo, yana rausaya tsakanin ciyayi da ƙananan bishiyoyi, yana tsotsar zaƙin furanni.

Abin da ya fi ɗaukar hankali game da shi shi ne yadda kamanninsa ke bin lokaci. Wanda ya fito da damina ƙarƙashin fikafikansa kusan wankakke ne, sai 'yan ɗigo kaɗan. Na rani kuwa yana da tabo ruwan ƙasa masu kauri, ta yadda idan ya naɗe fikafikai cikin busasshen ganye da wuya ido ya gano shi. Yanayin da tsutsarsa ta girma a ciki ne ke jawo wannan bambanci. Akwai kuma wani ado da mu ba ma gani: fikafikan namiji suna ƙyalli da hasken ultraviolet, wanda idon ɗan Adam bai kamawa, kuma bincike ya nuna mata sun fi karɓar namijin da ƙyallinsa ya fi ƙarfi.

Macen tana ajiye ƙwai farare, dogaye masu tsini, ɗaya-ɗaya a kan ganye masu taushi. Ta fi zaɓen tsirrai dangin wake, irin su tafasa da nau'o'in bishiyoyin Acacia da Albizia. Cikin 'yan kwanaki tsutsa kore ke fitowa, da farin layi a kowane gefe, ta ci ganye har ta ƙoshi. Daga nan sai ta maƙale a jikin reshe da zaren siliki da ta ɗaura kamar ɗamara, ta zama ƙunshi kore mai kama da ɗan ganye, har ranar da za ta fasa shi ta fito a matsayin malam-buɗe-littafi.

Mazan sukan taru gungu-gungu a bakin laka ko jiƙaƙƙen yashi, suna tsotsar ruwa mai gishiri da ma'adinai. Idan wani abu ya gitta kusa, sai su tashi gaba ɗaya, su zagaya, su sake sauka wuri guda.