Motarka na ƙara a gaba? Karanta wannan kafin ka sake tambayata

Na daɗe ina kwanciya ƙarƙashin mota, kuma tambayoyin ƙafar gaba ba su taɓa canzawa ba. Mutum zai zo ya ce "shok ne ko?", ya riga ya yanke hukunci tun daga gida, so yake kawai in gyaɗa masa kai. Na tara tambayoyin a nan don bakina ya huta.

Wai me ake nufi da ƙafar gaba?

Duk abin da ke riƙe tayar gaba da jikin mota: shok da sifirin, lowa-am (hannun ƙarfe na ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota) da bushin ɗinsa (robar da ke mahaɗarsa da jikin mota), boljoyin (mahaɗar da ke barin ƙafar ta juya), stabilaiza (sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana) da linkej ɗinta (ƙaramar sandar da ke haɗa ta da ƙafar), sai boris (abin da taya ke juyawa a kansa). Tayirod, sandar da ke juya taya in ka juya sitiyari, na sitiyari ne, amma tare ake duba su. Yawancin ƙananan motocin yanzu tsarin MacPherson gare su, shok da sifirin a haɗe, sama a ɗaure da jikin mota, ƙasa boljoyin ɗaya. Wasu kuma hannu biyu ne, na sama da na ƙasa. Iya abin da kake buƙata ke nan.

Shok ɗaya ne ya mutu. In canza shi kaɗai?

A'a. Biyu ake canzawa, dama da hagu. Shekarunsu ɗaya, hanyar da suka bi ɗaya.

Yaya zan gane ya mutu ɗin?

Danna kusurwar motar da ƙarfinka ka saki. Idan ta taso ta zauna, lafiya. Idan ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, ya gaji. Leƙa jikinsa: ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba komai ba ne, amma mai da ke gangarowa har ƙasa, wannan ya tafi. Mota mai dungure kai in an taka birki ma shaida ce. Sai dai gwajin dannawa ba ya kama kowane mataccen shok, musamman a mota mai taurin sifirin.

Sitiyarina na karkarwa idan na ɗau gudu.

Idan wajen kilomita 80 zuwa 110 a awa yake farawa, je ka yi balansin (daidaita nauyin taya), a duba ko rim ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙulu. Idan sai ka taka birki yake rawa, diskin birki ne. Ka bar wa shok sunansa.

Tana ƙwas-ƙwas a kan gargada. An canza shok, an canza bushin, ƙarar na nan. Mene ne?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Kuma tun farko ka sani, duk wanda ya faɗa maka sunan abin da ya lalace daga jin labari kawai, canki-canka yake yi da kuɗinka. Ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi wani wuri. Na sha jin ƙara a dama, a ƙarshe in same ta a hagu.

Fara da kunnenka, amma ka saurara da tsari. Yaushe take yi? Idan a hankali kake tafiya kan ƙananan ramuka sai ka ji ƙaramar ƙwanƙwasa a kai a kai, kuma ta ɓace a kan kwalta mai santsi, zargina na farko linkej na stabilaiza ne, ko robobin da ke riƙe stabilaizar. Sau da yawa su ne, kuma su ne mafi sauƙin canzawa a wurin, shi ya sa nake jin haushi in na ga an fara da shok. Idan ƙarar mai nauyi ce, guda ɗaya "gum", lokacin taka birki ko tashi daga tsaye, sai hankalina ya koma kan bushin na lowa-am. Idan mota na tsaye kana juya sitiyari ka ji ƙiƙir ko sifirin ya yi tsalle, duba mazaunin shok na sama, akwai boris a ciki. Idan kas-kas-kas ce a jere lokacin da ka karya kwana sosai kana ba da wuta, wannan ba ƙafa ba ce, joyin ɗin waje ne na shaf, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, kuma yawanci za ka tarar robarsa ta yage, giris ya fantsama cikin rim. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canza murya in ka karkata dama ko hagu, na boris ɗin taya ne.

Duk wannan zato ne. Hannu ke tabbatarwa. A ɗaga motar, a tokare ta. Kama tayar, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka jijjiga. Idan akwai wasa, boljoyin ne ko boris. A sa wani ya taka birki ka sake jijjigawa: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, boljoyin. Sannan kama ta gefe da gefe. Wasa a nan ya fi nuna tayirod, na waje ko na ciki, kuma sai wani ya ɗora tafin hannu a kan joyin ɗin yana jin motsin, domin abin da ido bai gani ba fata na ji. Bushin kuwa liba ake sa masa a banƙara, a haska da tocila a nemi tsaga.

To ga inda ake faɗuwa. Wasu motocin, waɗanda sifirin ke zaune a kan lowa-am, idan ka ɗaga su daga jiki sifirin zai danne boljoyin tamau, ka jijjiga har ka yi gumi ba za ka ji komai ba, alhali ya mutu. Irin waɗannan ƙarƙashin lowa-am ake sa jak. Haka linkej: in gefe ɗaya kawai ka ɗaga, stabilaiza ta murɗe ta ɗaure shi, sai ya yi kamar sabo. Ɗaga gaban duka. Idan har yanzu ana kokwanto, ni nakan kwance linkej ɗin biyu, in ɗaure stabilaizar yadda ba za ta taɓa komai ba, in zaga a hankali a hanyar da ƙarar ke fitowa. Ta yi shiru, an kama ɓarawo. A hankali na ce, domin mota ba stabilaiza tana kwanciya a kwana.

Kuma mai yiwuwa duk ba waɗannan ba ne. Na taɓa ɓata rabin yini a kan wata mota, ashe notin saman sabon shok ɗin ne ba a ɗaure ba. Kalifar birki (abin da ke matse diskin) mai sako-sako na yin irin wannan ƙarar, haka rak ɗin sitiyari (ƙarfen da tayirod ke ɗaure a jikinsa), haka mazaunin inji. Tunda kai an riga an taɓa maka wurin, a fara bin duk notin da aka kwance da sufana. Wannan ba ya cin komai sai minti goma.

An ce boljoyin ɗina ya yi wasa. Zan iya lallaɓawa zuwa wata mai zuwa?

Haba malam! Ka taɓa ganin mota a gefen titi, tayar gaba ɗaya ta kwanta waje kamar karyayyar ƙafa? Boljoyin ne ya fita daga mazauninsa. Wanda abin ya same shi yana tafiya a hankali ya yi sa'a. Linkej ka iya lallaɓa shi, bushin ma ka ɗan ja kwanaki. Boljoyin da tayirod babu lallaɓawa.

Mota na ja gefe ɗaya. Ƙafar ce ta lalace?

Kwantar da hankalinka, galibi abin bai kai nan ba. Auna iskar taya tukuna, adadin na nan rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci. Sannan a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, don gwaji. Idan jan ya juya, taya ce. Bayan tafiya kusanta hannunka ga rim ɗin biyu, wanda ya fi zafi sosai birkinsa na kamawa. Sai waɗannan sun fita sannan a je alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi.

Dole ne alaimen bayan canza tayirod? Makanikin ya ce ya ƙirga zaren da ake murɗa shi a kai, ya mayar da sabon daidai inda tsohon yake.

Dole ne. Ƙirga zare na kai ka wurin alaimen ne kawai. Kuma kada ka je alaimen da ƙafa mai wasa, kafin ka isa gida saitin ya goce.

Tayata na cinyewa ta ciki.

Alaimen, ko wani abu ya lanƙwashe. Gefe biyu, iska ta yi kaɗan. Tsakiya, ta yi yawa. Tudu da kwari in ka shafa, shok ko balansin.

Zan iya yin aikin da kaina?

Linkej, ƙwarai. Amma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya, sai ka tokare ta da ƙarfe a ƙasa mai tauri. Notin tsakiyar saman shok kuwa kada ka kusance shi sai an matse sifirin da abin matse shi. Sifirin da ke ɗauke da kusurwar mota in ya kuɓuce, fuskar da ke gabansa yake samu.

Bushin ɗin da aka sa min wata uku kacal ya yage. Jabu ne?

Ƙila. Amma tambayi wanda ya sa shi: a ina motar take lokacin da ya yi ɗaurin ƙarshe? Idan tana rataye a sama ya ɗaure, da an sauke ta robar ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna har ta tsage. Sai nauyin motar ya zauna a kan tayoyinta ake ɗaure notin bushin. Idan ya tsaya yana kallonka, nemi wani ya sa maka na gaba.